Bakwai Mai Fushi

Cikin duk shekarun da na yi ina aikin matiron, ranar da ta ƙi barin zuciyata ita ce wata Laraba ta farkon damina, ranar da 'yan aji biyar suka zauna jarrabawar lissafi. Ku da kuka karɓi aikin bayanmu kun sha tambayata me ya sa nake nacewa a laluba kowace yarinya a bakin ƙofa, ko da ɗiyar cikinki ce. To ga dalilin. Zan faɗe shi a hankali, yadda ya faru.

A lokacin ba a daɗe da yanka Jihar Sakkwato ba. Arzikin mai ya shigo, gwamnati ta ce kowane yaro ya shiga firamare, sai malamai suka yi kaɗan. Aka yi ta buɗe makarantun horon malamai. Tamu ta 'yan mata ce, ta kwana, a nan ƙasar Tambuwal. Yarinya takan shigo bayan ta gama firamare, ta yi shekara biyar, sannan ta zauna babbar jarrabawa da ake kira Gired Tu. In ta ci, ta zama malama mai satifiket, a tura ta wani gari ta koyar. Malamanmu akwai 'yan Indiya, akwai 'yan Gana, akwai mutanen kudu, akwai namu na gida. Yara suna shan madara da safe, ranar Juma'a a ci shinkafa da nama, sabulu da zanen makaranta duk a ba su. In na tuna ƙamshin sabon fenti na ɗakunan kwanan nan, da hayaniyar yara a bakin famfo, sai in ji kamar in miƙa hannu in taɓa.

Ga wanda bai san aikin ba, matiron ba malama ba ce. Muƙamina yana ƙasa da na malamai, yana sama da na masu dafa abinci. Ni ke tada yara salla, ni ke duba shara da wanki, ni ke kai marar lafiya wurin disfensa, ni ke riƙe littafin sito inda ake rubuta abin da aka raba. Firinsifal ɗinmu mace ce, Hajiya muke ce mata, a gabanta nake amsa tambaya. Yara kuwa Inna suke ce mini.

Ni 'yar Jabo ce. Allo na yi tun ina ƙarama, boko kuwa sai bayan haihuwata ta uku, a ajin yaƙi da jahilci da ake yi mana bayan la'asar a zauren mai gari. Hannuna ya riga ya saba tafiya daga dama zuwa hagu, don haka wasu abubuwa suka ƙi gyaruwa. Babbansu shi ne lambar bakwai. Duk yadda na yi, bakwai ɗina baya yake juya wa 'yan'uwansa. Yara suka gani a littafin sito, suka sa masa suna bakwai mai fushi. In an raba sabulu sai ka ji wata ta ce, “Inna, yau ma bai huce ba?” Ina dariya tare da su, amma a raina kunya nake ji. Hajiya ma ta taɓa cewa in gyara shi, don masu duba littattafai daga Sakkwato kada su raina mu.

Yarinyar da labarin ya shafa sunanta Kulu, daga wani ƙauye kusa da Fakku, can ƙasar Kebbe. Shekarunta ba su wuce sha bakwai ba. Babanta shi ne limamin ƙauyen, kuma ita ce mace ta farko da ta fito daga can zuwa makarantar gaba da firamare. Mutane sun yi magana, suka ce malami guda ya ba boko ɗiya. Ranar da za ta taho abu ɗaya baban ya ce mata: “Kulu, ki riƙe muna mutunci.” Duk hutu in ta koma, matan ƙauye sai su tare ta da, “Malama, yaushe za a fara koya muna?” Da wasa suke yi, ita kuwa ba da wasa take ji ba.

Kulu ta fi kowa lissafi a ajinsu. Ita ke koya wa sauran a ƙarƙashin dogon yaro bayan azahar. Amma da aka yi jarrabawar gwaji, wadda ake yi wata uku kafin babbar, sai ta miƙa takarda ba komai a ciki sai sunanta da lambarta. Malamin lissafi ya ce raini ne. Yara suka ce iska ce ta taɓa ta. Disfensa ya ba ta maganin zazzaɓi. Ni kuwa na iske ta da hantsi bayan kicin, ta yi amai, tana zaune a kan turmin da aka kife.

Na ce, “Kulu, ƙaƙa? Mi ya faru?”

Ta ce, “Inna, na san amsar. Wallahi na san ta. Da anka buga ƙarfe, anka ce a buɗe takarda, sai lambobin sunka kama yawo kamar tururuwa. Zuciyata ta hau bugu har cikin kunne. Ni jaka ce, Inna. Daƙiƙiya. Na ci tuwon gwamnati shekara biyar a banza.”

Ban ce mata ta yi haƙuri ba, don an riga an faɗa mata sau goma. Ban ce ta ƙara karatu ba, don ba karatu ne ya gaza ba. Na dai zauna kusa da ita. Na gane yarinyar nan ba ita kaɗai take shiga zauren jarrabawa ba, da ƙauyensu gaba ɗaya take shiga, kuma benci ɗaya ba ya ɗaukar ƙauye.

Abin da na sani a kan irin wannan tsoro, daga ungozomar Jabo na koye shi. A haihuwata ta fari ina ta kokawa da naƙuda, na riƙe numfashi, jikina ya sandare. Tsohuwar ta dafa goshina ta ce, “Ke, bar faɗa da shi. Hura kunu.” Wato in fitar da iska a hankali, doguwa, kamar mai fifita kunu mai zafi da baki. Tun daga ranar, duk abin da ya tayar mini da hankali, kunu nake hurawa.

Washegari bayan karin kumallo, kafin a buga ƙarfen taro, na kira Kulu bayan kicin. Na zuba mata kunun tsamiya mai tururi a kofin silba. Na ce ta cire takalmi ta ɗora tafin ƙafa a ƙasa, ta riƙe kofin da hannu biyu. Ba cokali, ba juyawa daga wannan ƙwarya zuwa waccan. Da bakinta za ta huce shi, hurawa bakwai, kowace doguwa, tana ƙirgawa. Tsakanin hurawa da hurawa ta faɗa mini abu ɗaya da take ji yanzu, ba na jiya ba, ba na gobe ba.

Ta dube ni ta ce, “Inna, lissafi fa ba kunu ba ne.”

Na ce, “I, amma ke kunu ce. Kin yi zafi, ko ke kanki ba ki iya kurɓar kanki.”

Ta yi dariya, ta hura. Ta ce tana jin ɗumi a tafin hannu. Ta hura. Ta ce ƙamshin tsamiya. Ta hura. Kukan kurciya. Sanyin ƙasa a diddige. A ta biyar sai fuskarta ta canza, ta ce, “Ga shi nan ya zo. Tunanin jarrabawa.”

Na ce, “Baƙo ne. Ki ce mai sannu da zuwa, ki shimfiɗa mai tabarma, ki koma ga kununki. Ba a korar baƙo, ba a kuma ba shi makullin ɗaki.”

Haka muka yi ta yi kowace safiya. Amma akwai abin da kunu bai taɓa ba, shi ne bakinta a kan kanta. Ta ɓata ƙidaya, jaka. Ta zubar da kunu, daƙiƙiya. Rannan na ajiye tsintsiyar da ke hannuna na ce, “Kulu, in ƙanwarki ta ɓata rubutu a allo, jaka kika ce mata?”

“A'a, Inna.”

“In kuma ɗiyar maƙwabta ce anka ba ki amana?”

“Subhanallahi! Wa ka zagin ɗiyar mutane?”

“To ke ɗiyar wa ce? Ba ɗiyar Liman ba ce? Ba uwa ta haife ki ba, ta goya ki, ta yi miki tsarki? Amanar yarinyar ga anka ba ki, kamar yadda anka ba ni. Daga yau in na sake jin kin zagi ɗiyar mutane, Fakku za ni kai ƙararki, ko da a ƙafa ne.”

Sai hawaye, ba irin na ranar turmi ba, masu sauƙi. Daga baya in ta yi kuskure sai in ji tana cewa ƙasa-ƙasa, “Ba komi, ɗiyar mutane, sake.”

Kada ku ɗauka ta warke lokaci guda. A gwajin mako na farko bayan haka ta fita da gudu. A na biyu ta zauna har ƙarshe, amma rabi ta rubuta. A na uku ta gama. Wasu yaran suka gani, su ma suka fara zuwa da kofunansu, har babbar mai dafa abinci ta ce in na mayar da bayan kicin asibiti in nemo mata ƙarin gero.

Saura kwana biyu a fara babbar jarrabawa, Kulu ta same ni a sito. Ta ce tsoronta ɗaya, in abin ya zo mata da ƙarfi takan manta komai, har kunun. Ta ce in rubuta mata, ta riƙa dubawa kafin ta fita daga ɗakin kwana. Na yago gefen takarda daga bayan littafin sito na rubuta layi uku:

1. Ƙafa ƙasa.
2. Hura kunu sau 7.
3. Kada ki zagi ɗiyar mutane.

Na ce, “Wagga ta ƙarƙashin matashi ce. Kin ji ko?” Ta ce ta ji.

Bari in bayyana yadda ake babbar jarrabawa. Takardun tambaya ba sa kwana a makaranta. Da safe ake kawo su cikin Landiroba, a jakar da aka liƙe, da ɗan sanda. Mai kula da komai shi ne sufabaiza, wanda ake turowa daga waje, ba malamin makarantar ba, kuma a ranar ko firinsifal ba ta da magana a kansa. A ƙarƙashinsa akwai masu tsaro da ke zagayawa tsakanin benci. Tun da yawancinsu maza ne, laluben 'yan mata a bakin ƙofa aikin matiron ne: aljihu, bakin zane, ɗankwali, har tafin hannu. Doka kuwa ita ce duk wadda aka samu da rubutacciyar takarda a cikin zaure, a karɓe, a cike fom, ta sa hannu, a haɗa da takardar amsarta a aika. Abin da ya fi biyo baya shi ne a soke sakamakonta gaba ɗaya, sunanta ya fita a matsayin mai satar amsa.

Kwana biyu na farko Kulu ta yi lafiya. Ranar Laraba, ranar lissafi, na tsaya a ƙofa ina laluben yara ɗaya bayan ɗaya, kowacce ta kwance ɗankwali in kakkaɓe. Da layi ya zo kanta, na ga leɓenta ya bushe, hannunta sanyi ƙalau kamar an tsamo shi daga randa. Sai na ji tsoron in na taɓa ta da hannun bincike za ta tarwatse. Na dafa kafaɗunta kawai na ce, “Hura kunu,” na bar ta ta wuce. Wannan shi ne kuskurena, kuma a lokacin tausayi na ɗauke shi.

Aka buga ƙarfe. Na koma gindin dogon yaro na zauna ina jan carbi. Ba a yi minti goma sha biyar ba sai ga Malam Sambo, malamin addini da Larabci, dattijo mai barkwanci wanda ya iya Turanci, yana tafe yana tattare babbar riga. Ranar ba dariya a fuskarsa.

Ya ce, “Matiron, taso. An kama ɗiyarki da takarda.”

A barandar zaure aka ajiye tebur, da agogo a kai. Sufabaiza yana zaune, dogon mutum mai tabarau, mutumin kudu, an ce tsohon malamin lissafi ne. Ba mugu ba ne, amma Hausarsa ba ta wuce sannu ba. Hajiya tana tsaye. Kulu tana tsaye, ɗankwali a hannu, ƙullin da ke bakinsa a kwance. Abin ya zo mata da ƙarfi da ta buɗe tambayoyi, ta kwance ƙullin don ta duba takardar da ta ƙulle a ciki, mai tsaro ya gani. Ga takardata a kan tebur, ga fom kusa da ita.

Sufabaiza ya sa Malam Sambo ya fassara masa layi-layi. Da aka zo na biyu ya ɗaga hannu ya yi tambaya.

Malam Sambo ya juyo ya ce, “Wai shina son ya san kunu sau bakwai nawa ya kama. Na ce mai ya danganta da girman ludayi, bai yi dariya ba.”

Mutumin ya ce ya sha ganin ɗalibai suna ɓoye ƙa'idar lissafi cikin kalmomin yarensu. Ga lambobi a takarda, ga ranar lissafi. Ya riga ya tambayi yarinya wa ya rubuta, ta ce ita ce.

Don ta kāre ni ta faɗi haka, ba ta san rami take ƙara haƙa wa kanta ba. Na matsa na ce, “Malam, gaya mai ni na rubuta. Kuma ni ce ban laluba ta ba a ƙofa.”

Hajiya ta ce, “Matiron, kin san abin da kike faɗi? Aikinki ne fa.”

Na ce, “Na sani, ranki ya daɗe.”

Kulu ta ce, “Ƙarya Inna ka yi, ni ce!”

Malam Sambo ya ce, “Ikon Allah. Shekara talatin ina raba gardama, ban taɓa ganin ana rigimar gadon laifi ba.”

Sufabaiza ya saurari fassara, ya cire tabarau ya goge. Ya ce mutum biyu suna da'awar takarda ɗaya, dole ɗaya ƙarya take yi. In ɗalibar ce ta rubuta ta shigo da ita, zai cike fom, masu hukunci su warware. In kuwa da gaske matiron ce, kuma maganar kicin ce ba ta lissafi ba, to laifin na ƙofa ne, ba na benci ba. Ya kife takardar, ya dafe ta da tafin hannu. Ya turo mini farar takarda da biro, ya ce in rubuta abin da ke ciki, yanzu, a gabansa.

Jama'a, layi uku ne. Ni na ƙirƙire su. Amma da na kama biron nan sai baranda ta ɓace, na koma zauren mai garin Jabo, ranar da babban jami'i ya zo gwada 'yan yaƙi da jahilci. Ranar, da goyo a bayana, aka ce in rubuta sunana a allo, na tsaya da alli a hannu har aka ce in koma in zauna. Sai da na maimaita shekara. Ban taɓa gaya wa Kulu wannan ba. Ga shi ya dawo, baƙon da na ɗauka ya mutu. Hannuna ya kama ɓari, biro ya zame ya faɗi ƙasa. Na ɗauka. Na ja lamba ɗaya, ta fito kamar macijin da aka taka. Agogo yana tafiya, kuma kowane minti daga lokacin yarinyar yake fita.

Ban san a fili nake magana ba. Ashe cewa nake, “Tsohuwar banza. Jahila. Kin kashe yarinya.”

Sai na ji murya ƙasa-ƙasa a gefena. “Inna. Ƙafa ƙasa.”

Na dube ta. Ita da ake shirin soke wa shekara biyar, ita ce idonta a bushe.

Ta ce, “Inna, kada ki zagi ɗiyar mutane.”

Malam Sambo ya ce, “Ɗiya har da furfura,” amma bai ƙarasa dariyar ba.

Na zame takalmina a gaban babban mutum, na ɗora ƙafa a kan siminti. Sanyi. Na hura, doguwa. Na ji ƙamshin ƙasar da ta sha ruwa jiya. Na hura. Ban kai bakwai ba, a ta fuɗu hannuna ya tsaya. Na rubuta layin farko. Na fara na biyu, har na zo kan lambar, sai na dakata. Zuciyata ta ce, ga mai ilimin lissafi yana kallo, ga Hajiya, yau dai ki juya shi daidai kada a yi miki dariya. Na san yadda ake yi in na natsu na yi kamar mai zane. Har na ɗora bakin biro ta wancan gefen. Sai na ce a raina, bar ɗiyar mutane ta rubuta abinta yadda ta iya. Na saki hannu, bakwai ya fito yana fushi kamar kullum.

Na gama na miƙa. Sufabaiza ya buɗe ta farko ya jera su. Bai karanta kalma ko ɗaya ba, don ba ya iyawa. Ya ɗora yatsa a kan bakwai na wannan, ya ɗora wani a kan na waccan. Ya daɗe yana kallo. Sannan kafaɗunsa suka fara rawa, ya yi wata magana.

Malam Sambo ya ce, “Wai duk ɗalibar da ta kai aji biyar a ƙasar nan ba ta iya wannan bakwai ko an biya ta. Ya ce wannan sa hannu ne, ya fi dangwale.”

Da na gyara shi, da ban san inda maganar za ta tsaya ba.

Ya ture fom gefe. Ya rubuta rahoto cewa takardar ba ta shafi jarrabawa ba, ma'aikaciya ce ta rubuta, kuma an yi sakaci a ƙofa. Ya maƙala takardun biyu a jiki. Ya ce Kulu ta koma ta zauna, amma ba shi da ikon ƙara mata lokaci. Kusan rabin awa ya tafi. Ta ɗaura ɗankwalinta, ta shiga, ta taga na hango ta ta zame takalmi a ƙarƙashin benci.

Ni kuwa washegari aka ba ni kwiri, wato takardar da ake tambayar ma'aikaci dalilin da ba za a hukunta shi ba. Da hannuna na amsa, da Hausa, na ce na yi laifi. Aka sa gargaɗi a fayil ɗina, aka cire ni daga ƙofa har ƙarshen jarrabawar wannan shekarar. Hajiya ta ce, “Kin ci sa'a.” Ba ta sake maganar gyaran bakwai ba.

Sakamako ya fito bayan kaka. Kulu ta ci komai, ban da lissafi. Tambaya biyu ba ta kai gare su ba. A ƙa'ida wadda ta faɗi darasi ɗaya ba a soke mata sauran, sai dai ta dawo baɗi ta sake shi. Yarinyar da ta fi kowa lissafi. Rabin awan nan ni na ci mata shi, kuma na kwana biyu abinci bai yi mini daɗi ba. Sai da na yi wa kaina irin faɗan da nake yi mata.

Da damina ta zagayo sai ga ta. Ta taho daga Fakku a bayan babur har bakin hanya, sannan motar kasuwa, zanenta duk laka. Ta ce Liman ya ce a gaishe ni, ya ce faɗuwa ba ta taɓa mutunci, sata ce ke taɓa shi. Da safen jarrabawa ta sha kununta bayan kicin. A bakin ƙofa, tun ban miƙa hannu ba ta kwance ɗankwali ta kakkaɓe da kanta.

Ta ce, “Laluba ni da kyau, Inna.”

Na laluba ta tun daga kai har bakin zane. Na ce, “Ina takardar?”

Ta ce, “Tana inda hannunki ba ya kai.”

Ta ci. Aka tura ta wata firamare a ƙasar Kebbe. Wasiƙa ɗaya na samu daga gare ta, wani mai babur ya kawo ranar kasuwa. Ta ce ajinta yara sittin ne, kuma kafin gwaji takan sa su duka su hura kunun da babu, har hedimasta ya leƙo ya tambaya ko wuta ake hurawa. Rubutunta tsaf, irin na malamai. Amma a sama, inda ake sa kwanan wata, ran bakwai ne, kuma ta rubuta shi a juye irin nawa da gangan.

Daga nan ban sake jin ta ba. Hanyar Kebbe a lokacin ba a shiga da wasa, ni kuma aiki bai bar ni ba. Na ce sai hutu, na ce sai baɗi. Da na yi ritaya na aika a tambaya, aka ce ta yi aure ta bi mijinta wurin aikinsa, wasu suka ce Yawuri, wasu suka ce gaba da nan. Takardun nan biyu suna can cikin wani fayil, in gara ta bar su. Wasiƙar tana cikin adakata.

Abin da wannan rana ta koya mini game da aikinmu ba shi da yawa. Yarinyar da ta daskare a gaban takarda ba raggo ba ce, ba kuma iska ba ce, kaya ne suka yi mata yawa, kuma tsawa ba ta rage kaya. Ku zauna da ita, ku saurari abin da take kiran kanta da shi, don a nan ciwon yake. Abin da za ku ba ta, ku ba ta wanda ba a iya ƙwacewa a bakin ƙofa. Kuma ku laluba kowa. Ana iya laluben yarinya da hannu mai taushi, ana yi mata magana mai daɗi, amma tausayin da ya tsallake aiki yarinyar ce ke biyansa, ba ke ba.

Yanzu ina Jabo. Jikokina suna dariyar yadda nake shan kunu, wai ko ya huce sai na hura. Nakan zauna a ƙofar gida da hantsi, ƙafa a ƙasa, in ƙirga bakwai. In babur ya taho daga kudu da mace a baya, nakan bar ƙidayar in ɗaga kai. Kulu ma yanzu ta yi furfura, na sani. Amma in ɗayanku ya je taron malamai ya gamu da wata Malama Kulu 'yar wajen Fakku, ku ce mata Inna tana nan, kunu yana kan wuta, kuma har yau bai huce ba.